Buzuzun Saje Tanko

Miƙo min littafin nan, Sani, in ƙara dubawa. To, wannan ne kuke ta musu a kai tun ɗazu? Waɗannan 'yan kayan ado shuɗɗa na mutanen Masar na dā, da aka jera cikin akwatin gilashi a gidan tarihi? Kuma har da bakinka kake cewa yumɓu ne aka shafa wa fenti, ko kai ma ka iya? Allah ya shirye ka. Ni Garba na sha hayaƙin wannan shuɗin har idona ya yi ja, na kusa rasa sana'ata a kansa, sannan yau yaron da ko wutar shayi bai iya hurawa ba zai ce min fenti. Ku gyara zama.

Sana'armu duwatsun ado ce, na wuya da na hannu da na ƙugu. Kwalba ake narkarwa, amma duwatsu ake ce musu. Ubangidana Baba Ndagi Banufe ne, ya baro garinsu tun yana saurayi ya kafa rumfa a bayan kasuwar Zuru, kusa da 'yan tukwane. Gajere ne, kuma ba ya dariya sai aiki ya lalace a hannun wani. Da mahaifina ya kai ni wurinsa, na zaci washegari zan fara naɗa dutse. Ina! Wankin kwalabe na yi ta yi har tafin hannuna ya yi fari. Koriya gefe guda, mai ruwan ƙasa gefe guda, sai shuɗiya ta maganin ciki, wadda sai ka bi kukun Bature da lallashi kafin ka samu ɗaya. Daga wanki sai daka, daga daka sai zuga. Sai da na fara gemu Baba Ndagi ya yarda na riƙe tsinke.

Tsinken nan siririn ƙarfe ne dogo. Za ka shafa masa farar ƙasa don kada kwalba ta manne, ka ɗebo narkakkiyar kwalba daga bakin murhu, ka naɗa, kana juyawa ba tsayawa. In ka tsaya sosa hanci, dutse ya zube ƙasa. Ga awartaki, ga 'yar wuƙar daidaita baki, ga tukunyar toka mai ɗumi inda ake binne dutse ya huce a hankali, don in iska ta buge shi da zafinsa sai ka ji ƙas! Amma abin da ya fi komai daraja a rumfar nan gashin kaza ne. Dokar Baba Ndagi ta farko ita ce ƙura ba ta shiga wuta. Garin kwalba ne, tsinke ne, kasko ne, sai an kaɗe shi tas da gashin kaza. Wannan tudun da ke tsakiyar kaina ranƙwashin dokar nan ne.

Doka ta biyu kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai, ta duk masu sana'ar ce. In aka kawo maka dutsen da ba ka taɓa gani ba aka ce ka yi irinsa, sai ka fasa shi ka ga cikinsa. Mata duk sun san haka. Shi ya sa mace kan cire biyu daga tsohuwar sarƙarta, ɗaya na kallo, ɗaya na fasawa. Ba a tambaya, ba a neman izini, kamar yadda mahauci ba ya neman izinin akuya.

Masu sayenmu kashi biyu ne. Akwai matan gari, akwai matan tudu, na Dabai da ƙauyukan da ke bayanta. Sai kuma 'yan golmo, samarin da ke yi wa surukai noma shekara da shekaru kafin a ba su mata. Su ne abin dariyarmu. Ƙato zai zo da hannu kamar ɓawon itace ya ce jigida yake so. Ka ce masa wane tsawo? Sai ya duba dama, ya duba hagu, ya zagaya hannuwansa a iska yana kunya. Baba Ndagi ya ce, "Wannan da ka nuna ai rumbu ne, ɗana, rage." Ya rage. Haka muke auna ƙugun yarinyar da ba mu taɓa gani ba, kuma ba kasafai muke kuskure ba.

Ana nan sai shekarar kanti ta zo. Turawa na nan lokacin, an jima kaɗan da dawowar sojoji daga yaƙin Bama. Wani kanti ya buɗe, ya kawo duwatsun Turai igiya-igiya, kowane launi, duk kansu ɗaya kamar an zuba su a mudu, ga araha. Matan gari suka watse mana kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai mu wuni murhu a kashe. Wani abokin aikina a rumfar ya tattara ya koma dako, ni ma mahaifina ya fara yi min zancen gona. Abin da ya riƙe mu mace ɗaya ce, Kande ta Dabai. Ita ce babbar mai ginin tukwane a can, irin tukwanen da mutanen tudu ke kifawa a kan kabarin manyansu, saboda haka ba gidan da ba ya jin maganarta. Ranar da aka nuna mata igiyar kanti, ta ɗora a tafin hannu, ta jinjina, ta ce, "Wannan ƙayar kifi ce ko dutse?" ta mayar. Shi ke nan, matan tudu suka tsaya a wurinmu. Baba Ndagi ya ce min, "Garba, ka riƙa yi wa matar nan addu'ar tsawon rai. Tuwonmu a hannunta yake."

Wata rana da hantsi, kaka ta gabato, wani mutum ya duƙo ya shigo rumfa, ya tare hasken ƙofa gaba ɗaya. Saje Tanko ne, mijin Kande, tsohon soja. Dogo, ƙirji kamar ƙyauren zaure, takalmansa na soja suna walƙiya ko da yake ya bar aikin. Ya gaishe mu, ya kwance wani ƙyalle, ya ajiye abu a gaban Baba Ndagi.

Buzuzu ne. Buzuzun nan dai mai tura kashin shanu, amma shuɗi, girman ɗan yatsa babba, yana sheƙi. Ban taɓa ganin irin shuɗin nan ba. Namu na kwalba haske na ratsa shi. Wannan kuwa haske ba ya ratsa shi, sai ya zauna a kansa.

"Daga ina?" in ji Baba Ndagi.

"Daga Masar," in ji Saje. "Da za mu dawo gida aka sauke mu can muna jiran jirgin ruwa. Aka kai mu wani gida, ya fi bariki girma, ba mai kwana a ciki sai kayan matattu. Akwatunan gilashi jere, cike da irin wannan shuɗin. Zobba, sarƙoƙi, 'yan kifaye, idanu, har da wata 'yar dorina. Ɗan sanda na tsaye a kai. Na miƙa yatsa kawai, ya daka min tsawa, ni da igiya uku a hannu! Da muka fito, a bakin ƙofa wani ya sayar min da wannan. Ya rantse daga kabarin Fir'auna aka tono shi."

"Guda nawa gare shi?"

"Kwando cike."

"Ashe Fir'auna kiwon buzuzu yake yi," in ji Baba Ndagi. "Saje, in kwando ne, akwai mai yi, yana nan da ransa yana cin tuwo. Abin da mutum ya yi, mutum zai yi. Me kake so?"

Saje ya ce saurayin ɗiyarsa Ladi ya gama golmo, bayan girbi za a kai ta ɗaki, yana so a yi masa irin wannan sak, ya rataya mata ranar tafiya. Baba Ndagi ya gyaɗa kai. Ya lashi buzuzu. Ya ƙwanƙwasa shi a haƙori. Ya ɗaga shi a rana. Sannan ya ɗora shi a kan maƙera, ya saita kurfi, ƙarfen sara, ya ɗauki guduma, ya buga. Buzuzu ya rabu biyu daga kai har gindi.

"Dubi, Garba," in ji shi da murna. "Cikinsa fari ne kamar sukari. Shuɗin a fata kawai yake."

Ni dai ba cikin buzuzu nake kallo ba. Saje nake kallo. Mutumin da ya yi yaƙi da Jafan a daji ya sulale ya zauna daɓas a ƙasa, bakinsa a buɗe. Can ya ce da wata 'yar murya, "Na Kande ne."

Ashe tun ranar da ya dawo daga yaƙi abin yake wuyanta, a ƙarƙashin tulin duwatsunmu, wa zai tsaya ƙare wa wuyan Kande kallo? Ba ta cire shi sai za ta kwaɓa yumɓu. Ranar ta rataye shi a ƙusa, shi kuma ya zare ya taho, a kan zai mayar kafin ta wanke hannu. Soja ne, bai taɓa sayen dutse ba, bai san dokar fasawa ba. Mu kuma ba mu san guda ɗaya ne tak ba. Baba Ndagi ya cire hula ya share gumi, ya mayar, ya sake cirewa. Ni kuwa gona ce ta faɗo min a rai, har na ji zafin fartanya a hannuna. In Kande ta ji mun fasa mata abin wuya, matan tudu za su bi matan gari, sai mu rufe rumfa.

"Ba zan koma Dabai ba sai da buzuzu," in ji Saje. Ya sami wani ɗan garinsu a kasuwa ya aika da saƙo, wai an kira shi Kwantagora kan zancen fansho. Sannan ya cire rigarsa ya rataye a jikin zanar da ta raba rumfa da wurin ajiyar itace, ya ce nan ne barikinsa.

Kada Allah ya haɗa ku da baƙon soja. Tuwon da ni da Baba Ndagi muke rabawa, shi kaɗai yake lashewa ya tambayi saura. Asuba ta fari ya tashe mu. Ya jera awartakai bisa tsawo. Ya karɓe zugazugi daga hannuna yana yi da ƙidayar fareti, lef, rai, lef, rai, har wuta ta riƙa tsalle tana lasar rufin rumfa. Da ya ji muryar mace a waje kuwa, sai ya faɗa bayan zana. Matsalar ita ce wurin bai kai tsawonsa ba. Duk inda ya lanƙwashe, takalman nan masu walƙiya suna leƙowa ta ƙasa. Kafin kasuwa ta zagayo, duk 'yan tukwane sun san inda Kwantagora take.

Aikin farko da muka gwada na kwalba ne. Na narkar da shuɗiyar kwalbar da muke ɓoyo, na fitar da buzuzu mai kyau. Saje ya ɗaga shi ya hango fuskata ta ciki, ya ce, "Na Kande ba a ganin Garba ta cikinsa." Muka gina na yumɓu, muka barbaɗa masa garin kwalba, muka gasa. Ya fito fatarsa na ɓarewa kamar mai ƙyasfi. Ka ji yumɓu da fenti, Sani? Mun riga ka.

Sai Baba Ndagi ya zauna da ɓarin buzuzu yana kankarar farin cikin da allura, yana ɗanɗanawa. Ya ce dutsen ƙanƙara ne aka niƙa. Ni aka tura gindin tudu na tsinto farar ƙanƙara, muka gasa ta, muka tsoma a ruwa ta farfashe, na hau dutsen niƙa. Ku da kuke ganin niƙan gero wahala ne, ku gwada niƙa dutse a kan dutse. Na niƙa har ya yi laushi kamar garin tuwo. Muka kwaɓa da ruwa, ya ƙi haɗuwa. Muka sa ƙaro, ya haɗu, wuta ta cinye ƙaron, muka kwaso gari. Nan Baba Ndagi ya tuna kakanninsa, kafin zuwan kwalabe, da yashi da kanwa suke dafa gilashinsu. Muka sayo kanwa. Don launi kuma ya sa na kankaro koren tsatsar da ke jikin tsohuwar munduwar tagulla, don ya san tagulla ce ke ba gilashi shuɗi. Muka haɗa ɓari biyun nan muka danna a ɗanyen yumɓu, muka sami mazubi. Muka kwaɓa, muka cusa, muka zazzage, muka jera a kasko su bushe.

Da suka fara bushewa sai wani farin abu ya tsattsafo a jikinsu, kamar gishirin da ke fitowa a rigar manomi. Ƙura ba ta shiga wuta. Na ɗauki gashin kaza na kaɗe kowanne tas. Saje ya duba ya ce wannan ba shara ba ce, a bariki da an ɗaure ni. Ya ciro burushinsa da ƙyallen goge takalmi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana hura musu iska yana gogewa, har ƙarƙashin ƙafafu. Baba Ndagi ya yaba masa, abin da bai taɓa yi min ba. Muka gasa. Suka fito toka-toka, ba sheƙi ko kaɗan, sak kashin awaki.

Muka ƙara kanwa. Farin ya ƙara fitowa, Saje ya ƙara gogewa, kashin awaki ya ƙara fitowa. Muka ƙara tagulla. Muka canza itace. Baba Ndagi ya sa aka yi mana rubutu muka yayyafa a murhu, Saje ya yi tasa addu'ar ta coci a kan kasko. Duk a banza. Gefen yatsuna ya tsattsage saboda kanwa, dawa ta nuna a gonaki, an fara jin kiɗan shirin biki daga tudu, mu kuwa muna da kwando guda na kashin awaki. Saje ya rame duk da tuwonmu da yake cinyewa. Wata rana na same shi zaune yana kallon hanyar Dabai, ya ce min, "Garba, yaƙi ya fi wannan sauƙi. A can ka san ta inda za a harbo."

Ranar kasuwa da hantsi, murhu ya yi zafi, sabon kasko ya bushe ya yi fari fat, Saje ya ɗauko burushi ke nan zai fara, sai muka ji sallama. Muryar Kande ce. Saje ya yi tsalle ɗaya ya faɗa bayan zana, da burushin, da ƙyallen, har da gashin kazata da ya kwasa cikin ruɗewa. Baba Ndagi ya dubi kasko cike da buzuzu, ya dubi ƙofa. Ba inda zai ɓoye shi. Sai mutumin nan da ya yi min ƙulu a kai saboda ƙwayar ƙura ɗaya ya sunkuci kaskon da farinsa duka ya tura cikin murhu, ya toshe baki, ya ce, "Zuga, Garba!"

Kande ta shigo da babbar tukunya a kai. Mace ce 'yar firit, ko kafaɗar mijinta ba ta kai ba. Na tashi zan karɓa.

"Bar shi, ɗana, na ga wurin ajiyewa."

Ta nufi zana, ta sauke tukunyar nan daidai kan takalman da ke leƙowa. Ko motsi ba su yi ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta jingina da zanar.

"Sannu da zuwa, Inna," na ce. "Dutse za a gani?"

"A'a, hutawa zan yi. Me kuke gasawa?"

"Ɗan gwaji ne," in ji Baba Ndagi.

"To, ina son gwaji. Zan jira in gani."

Ta kwance dafaffiyar gyaɗa tana ci, tana jefa ɓawon ta saman zana. Ni ina zuga, gumi na zuba. Hayaƙin rumfar nan kuwa duk ta bayan zana yake fita. Muna jin mutum na haɗiye tari kamar ana shaƙe rago. Kande ta ce, "Baba, kuna da ɓera." Baba Ndagi ya ce ƙwarai, sun dame mu bana. Ta ce, "Baban Ladi ya tafi Kwantagora karɓar fansho. An ce tuwonsu ba daɗi. Amma 'yan tukwane sun gaya min yana ci da kyau." Baba Ndagi ya ce Allah ya dawo da shi lafiya. Ta ce amin.

Muka janye wuta da azahar. Muka yi salla, tana zaune. Muka ce sai ya huce, ta ce ita ma mai gasa tukwane ce, ta san huce. Ta sayi fura a wurin mai talla ta sha a hankali, tana yaba sanyinta da babbar murya. La'asar ta yi, ta ce, "To, buɗe." Baba Ndagi ya dube ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sa awartaki na jawo kaskon.

Wallahi sai da na saki awartakin. Shuɗi! Shuɗin nan dai na Masar, mai zama a kan fata, yana sheƙi kamar an jiƙa shi. Ashe farin da muke ta kaɗewa shi ne shuɗin. Kanwa ce ke fitowa da tagulla waje in abin yana bushewa, wuta ta narkar da su su zama fata. Mu kuwa, ni da gashin kaza, Saje da burushin soja, muna ta share arzikinmu muna zubarwa. Sai dai kanwar ta yi yawa a wannan karon, duk sun narke sun baje. Ba mai cewa buzuzu ne. Kwaɗi ne shuɗɗa da mota ta taka.

Saje na leƙe ta hudar zana. Ya manta da kansa, ya yi ihu, "Shi ne! Launin ke nan!" Ya zabura, tukunya ta mirgina, zana ta faɗo, ya bayyana tsaye da ɓawon gyaɗa a kai da burushi a hannu.

"Sannu da dawowa daga Kwantagora, Baban Ladi," in ji Kande. "Ya hanya?"

Ya ƙame kamar a fareti. Ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni nawa."

Baba Ndagi ne ya kwance ƙyallen da aka naɗe buzuzun da hannunsa, ya ajiye ɓari biyun a tafinta, ya ce, "Ni na fasa, Inna. Haka muke yi a sana'armu. Shi bai sani ba."

Ta daɗe tana kallonsu. Ni na riga na sallama, ina tunanin wa zai sayi zugazugi. Sai ta ɗago ta dubi mijinta.

"Kai, kana tsammanin kyansa nake so? Mai tura kashi fa ne. Shekara nawa mata ke yi min dariya a rafi in na juya baya, ka zaci ban sani ba? Da kuka tafi yaƙi labarinku ya ɗauke, 'yan'uwanka suka ce in gina tukunyar kabarinka. Na gina ta da hannun nan, ina kuka. Na gasa, na ajiye a bayan ɗaki. Ranar da ka shigo gida ka sa min wannan a hannu, na zagaya na fasa ta da taɓarya. Tun ran nan in na taɓa wuyana na ji shi, sai in tuna tukunyar nan a fashe take." Ta damƙe ɓari biyun a tafinta. "Yanzu kuma saboda shi ka sake ɓace min? Na tsani kwana gidan nan ba ka, Baban Ladi. Sau ɗaya ya ishe ni."

Saje, ƙaton nan, hawaye suka zubo masa har gemu, yana ƙame bai share ba. Ni na sunkuyar da kai ina gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Kande ta juyo gare ni. "Ɗana, kana da wayar tagulla?" Na ce akwai. Ta sa na naɗe kowane ɓari daban, na yi masa 'yar maɗauki, na zura igiyar fata. Ta rataya ɗaya a wuyanta, ta ƙulle ɗaya a bakin zane.

"Wannan na Ladi ne," ta ce da mijinta. "Biyu kake so, ga biyu."

Baba Ndagi ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ai tun ranar farko na gama aikin, ku ne ba ku lura ba."

Kande ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta ɗauki kwaɗo ɗaya daga kasko, ta jinjina a tafin hannu yadda ta yi wa na kanti. Ta ce, "Wannan yana da nauyi. Ku bar zancen ƙwari, ku mulmula min su zagaye, ku huda. Sarƙar Ladi nake so, da shuɗin nan." Ranar da aka kai Ladi ɗaki duk matan tudu suka ga shuɗin da babu shi a kanti. Kafin damina ta faɗi har matan gari sun fara dawowa suna kame-kame, wai dama wucewa suke yi. Ban je gona ba. Da shuɗin nan na yi aure, da shi na ciyar da iyayenku.

Da yammar nan suka tafi, Kande a gaba, Saje a baya ɗauke da tukunyarta a kai, takalma na walƙiya, 'yan tukwane na yi masa barka da dawowa. Burushinsa ya manta a rumfa, bai kuma taɓa zuwa ɗauka ba. Baba Ndagi ya rataye shi a saman murhu tare da gashin kazar, kuma daga ran nan in zan sa abu a wuta sai in tambaye shi, "Baba, wannan a kaɗe ko a bari?" Sai ya harare ni ya kai hannu kamar zai yi ranƙwashi.

Ungo littafinka, Sani. Ga ƙanƙara can gindin tudu, ga dutsen niƙan kakarku a bayan ɗaki. Ka fara niƙa, in ya yi laushi ka zo ka kira ni.